KAMYO BIYU A KABKABIYA

A wannan mako za mu ɗaga ido mu dubi gabas, can bayan ƙasar Cadi, inda ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan gwamnatin Sudan, ƙarƙashin Janar Abdul Fatah al-Burhan, da mayaƙan FSR na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hameti. Labarin fagen daga kam gidajen rediyo sun wadatar da ku. Mu namu labarin na kamyo biyu ne.

Cikin damanar 2024, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ɗora wa kamyo biyu kayan jinya da abincin warkar da tamowa, ta nufi da su Zamzam, wani sansanin ƴan gudun hijira mai nisan kamar kilomita 15 kudu da birnin Fashir, inda mutane wajen rabin miliyan suke tsugune a lokacin. Da motocin suka iso garin Kabkabiya, yamma da Fashir, mayaƙan FSR suka tsare su, mako ya bi mako ba su motsa ba. Ranar 1 ga watan Agusta kwamitin masana na duniya mai auna yunwa ya tabbatar cewa yunwar Zamzam ta kai matsayin bala'i. A ƙarshen Satumba kuwa, MSF ta daina jinyar yara 5,000 masu tamowa, cikinsu har da 2,900 da cutar ta yi wa tsanani, domin masu yaƙin sun tare hanyoyi, mangazarta kuma ta zama fanko.

Mu yi ɗan lissafi tare. Abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yaro mai tamowa, wanda iyaye mata na jihar Maradi suka sani sarai tun shekarar 2005, ana zuba shi ne cikin leda mai nauyin giram 92. Kwali guda na ɗauke da leda 150, wato kilo 14 ba kaɗan, kuma kwali guda kusan shi ne adadin da ke tayar da yaro ɗaya daga kwance. Yara 2,900 ke nan na bukatar kamar tan 40, abin da manyan kamyo biyu za su iya ɗauka. Abincin akwai shi a duniya, likitocin suna nan cikin sansanin, kuɗin kuma an biya. Abin da ya raba yaran da maganinsu tazarar hanya ce da ke hannun mai bindiga.

Saboda haka duk mai son ya fahimci aikin agaji a inda ake yaƙi, ya bar kallon likita da farar rigarsa tukuna, ya kalli mutumin da ke bayansa riƙe da kaye da alƙalami, wanda aikinsa shi ne ƙidayar kwanaki.

Abin da ke cikin kwali

Farkon abin da wannan mutum ya koya shi ne, ba kowace kyauta ce agaji ba. Lokacin yaƙin Bosniya da jim kaɗan bayansa, tsakanin 1992 da 1996, duniya ta yi ta aika magunguna ba lissafi. Wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa rabi ko fiye na abin da aka aika bai da amfani: wani lokacinsa ya wuce, wani an rubuta sunansa da harshen da ba mai karantawa, wani kuma na cutar da babu ita a wurin. An ƙiyasta tarin banzan nan da kamar tan 17,000, har ƙona shi ma ya zama wata sabuwar ɗawainiya mai cin kuɗi. Irin wannan ne ya sa a 1996 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da ƙa'idoji bisa kyautar magani.

Dabarar da aka tsaya a kanta ita ce ta ƙunshi. Maimakon kowa ya aiko da abin da ya ga dama, an tsara jerin kwalaye masu lamba da kowane ma'aikaci ya san cikinsu tun bai buɗe ba. Mafi shahara shi ne ƙunshin lafiya na gaggawa, wanda aka auna don ya ishi mutum 10,000 har wata uku: kashi goma na magungunan yau da kullum, kowane kashi na mutum 1,000, waɗanda ƙaramin ma'aikacin lafiya zai iya aiki da su, sannan kashi ɗaya na ƙari wanda sai hannun likita. Akwai kuma ƙunshi na kwalara, na fiɗar masu rauni, da na karɓar haihuwa. Ana jibge su a manyan mangazu: na UNICEF a Kopanhag, na OMS a Dubai, na MSF kusa da Bordo, da rumbunan Majalisar Ɗinkin Duniya irin na Akra da na Birindizi. Da haka ne, mako biyu da fara yaƙin, jirgin ƙungiyar CICR ya sauka Port Sudan da tan 8 na kayan fiɗa daga birnin Amman.

Amma ƙunshi na makonnin farko ne, lokacin da ba a san kome ba. In yaƙi ya daɗe, wani maganin cikin kwalin zai ƙare tun cikin mako uku, wani kuma zai kwanta har lokacinsa ya wuce, domin cuta ba ta bin jerin da aka rubuta a Turai. Daga nan sai a koma ga kaye.

Ƙidayar kwanaki

Lissafin ba mai wuya ba ne, kowane ɗan kasuwar Maradi ya san irinsa. Nawa ake sha a wata? Kwana nawa kaya ke yi tsakanin ranar da aka yi oda da ranar da suka iso? Nawa za a ajiye a gefe saboda ɓacin rana? In asibiti na shan kwali goma a wata, hanya kuma na cin wata uku, to ranar da saura kwali talatin da ɗan na gefe, ranar ce ta yin oda. Wanda ya jira sai kanta ta bushe ya riga ya makara da wata uku. Haka kuma cikin mangaza, maganin da lokacinsa zai fara wucewa shi ke fara fita, ko da shi ya zo daga baya.

Yaƙi yana ɓata duka ukun. Yawan masu sha na iya ninkawa cikin dare ɗaya, in gari ya watse ya kwararo cikin wani. Kwanakin hanya ba wanda ya san su. Na gefe kuwa shi ne abin da ɓarawo ke hange.

Ga kuma nauyi. Mutane kan ɗauka magani abu ne marar nauyi, ƙwaya cikin leda. To babban mutum mai kilo 70 da kwalara ta kayar yana bukatar aƙalla lita 7 ta ƙarin ruwa ta jijiya. Majinyata dubu ke nan sun ci tan 7, ban da robobi da allurai da sinadarin tsabtace ruwa. Sudan ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara a watan Agusta na 2024, a 2025 kuma cutar ta isa Darfur, ta yi ɓarna a Tawila inda dubban ɗaruruwan ƴan gudun hijira suka taru. Kaya irin wannan jirgin sama ba ya iya wadatarwa, ko da akwai filin sauka. Sai kamyo, kamyo kuma sai hanya da gazuwal.

Zafi

Wasu kayan kuma ba nauyi ke wahalar da su ba, zafi ne. Yawancin allurorin rigakafi, da allurar oksitosin da ake yi wa mace don tsayar da jini bayan haihuwa, suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. A Darfur kuwa, kamar nan gida, bazara na haura digiri 40. Kwalbar da zafi ya kashe ba ta canza kama, ungozoma za ta yi allurar da zuciya ɗaya, jinin kuma ya ci gaba da zuba. Shi ya sa tun 1996 aka fara manna wa kwalaben rigakafi wata ƴar alama, ɗan murabba'i cikin da'ira, mai yin duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. Sanyi ma in ya yi yawa ɓarna ne, domin akwai rigakafin da in ya daskare ya mutu, irin na tetanus.

Akwatin sanyi mai ƙanƙara na riƙe kaya ƴan kwanaki ne kawai. Mai kaye ya san adadinsu, kuma duk sa'ar da mota ta yi tsaye gaban shinge cikin rana ana cire ta ne daga wannan adadi. Firigo mai aiki da hasken rana ya rage dogaro ga gazuwal, amma shi ma farantinsa abin sha'awar mai ganima ne. Wani sauƙi ya zo a 2021, sa'ad da binciken MSF da jami'ar Jeneba ya nuna cewa insulin na masu ciwon suga, in an buɗe kwalbarsa, yana iya jure zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Ga wanda ke zaune cikin bukkar leda ba firigo, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Ƙofa ɗaya

Babban abin da ya karya Sudan tun makon farko shi ne, kusan kome nata na Hartum: babbar mangazar magunguna ta ƙasa, masana'antun magani, babban ɗakin binciken cututtuka, da babban filin jirgin sama. A nan kuma aka fara harbi. Ƙungiyoyin agaji suka kwashe suka koma Wad Madani, suka mai da shi sabuwar cibiya. A watan Disamba na 2023 mayaƙan FSR suka shiga Wad Madani, aka wawushe mangazar hukumar abinci ta PAM mai ɗauke da fiye da tan 2,500. Saura Port Sudan, bakin Bahar Maliya, wadda ita ma jirage marasa matuƙi suka kai wa hari a watan Mayu na 2025.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, haka kuma dokar aikin take: a kai kaya kusa da mabukata tun kafin damana ta rufe hanya. Amma Wad Madani ya nuna ɗaya fuskar, wato wanda ya tara da yawa a wuri guda ya tara wa mai bindiga. Mafitar da aka samu ita ce a rarraba: ƙananan mangazu da yawa, wasu ma a ƙetaren iyaka, ta yadda in ɗaya ta faɗi sauran na nan. Ya fi tsada, ya fi wuyar lissafi, amma ya fi asarar duka.

Ga mutanen Darfur, ƙofa mafi kusa tana yamma, wajen Cadi. Kaya na sauka tashar Duwala ta Kamaru, su yi wajen kilomita 1,800 zuwa Injamena, su bi ta Abeshe zuwa Adre, daga nan ƴar tafiya ce ta kamar kilomita 30 zuwa Janaina. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu: ita ce kakanninmu suka bi a ƙasa zuwa aikin haji, shi ya sa har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan. A watan Fabrairu na 2024 gwamnatin soja ta hana kayan Majalisar Ɗinkin Duniya shiga ta Adre, bisa zargin cewa ta Cadi makamai ke isa ga abokan gabarta. Ta bar ƙofar Tine da ke can arewa, wadda da ruwan sama ya sauka ƙoramu suka cika, laka ta riƙe motoci. Sai ranar 15 ga Agusta aka buɗe Adre, na wata uku, mako biyu bayan an tabbatar da yunwar Zamzam, a daidai lokacin da ambaliya ke karya gadoji a Darfur ta Yamma. Daga nan aka yi ta sabunta izinin wa'adi bayan wa'adi. Ku duba wuyar da ke cikin wannan: odar da ke cin wata uku ko fiye bisa hanya, ta yaya za a tsara ta ga ƙofar da ba a tabbatar za a iske ta buɗe ba?

Hatimi da bindiga

Kada mai karatu ya ɗauka laifin na ɓangare ɗaya ne. A watan Oktoba na 2023 MSF ta janye likitocinta na fiɗa daga asibitin Basha'ir da ke kudancin Hartum, domin hukumomin soja sun fi wata guda suna hana kayan fiɗa isa unguwannin da ke hannun FSR. Dalilinsu a fili yake, kada a ɗinke raunin abokin gaba. Amma zaren da ke ɗinke mayaƙi shi ne ke ɗinke macen da aka yi wa fiɗar haihuwa. Yarjejeniyar Jeneba ta huɗu ta 1949, cikin ayarta ta 23, ta wajabta barin kayan jinya na farar hula su wuce, ko da na ɓangaren abokan gaba ne. Kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake jaddada kariyar asibitoci da ma'aikatan lafiya cikin ƙuduri mai lamba 2286 na 2016. Ɓangarorin biyu da kansu sun sa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayu na 2023 cewa za su bar agaji ya wuce. Takarda dai ba ta ɗaga shinge.

Don haka rabin aikin mai kaye neman hatimi ne: bizar ma'aikaci, takardar duwan, izinin fita daga gari, izinin shiga wani, da izini na dabam ga maganin kashe zafi irin su morfin, wanda dokar duniya ta 1961 ta sa wa ido. Kowane ɓangare na da ofishinsa na agaji, kuma hatimin wannan na iya zama laifi a shingen wancan. Ana sanar da masu yaƙi lambar kowace mota, da hanyarta, da ranar tafiyarta. Akwai kuma tambayar rakiyar soja, wadda ƙungiyoyi irin su CICR da MSF suke ƙi in ba dole ba, saboda motar da soja ya raka ta zama abin hari, kuma gobe ɗaya ɓangaren ba zai yarda da ita ba.

Duk da haka tsarin kan ci amanar mai shi. Daren 2 ga Yuni na 2025, ayarin kamyo 15 na PAM da UNICEF, ɗauke da abinci da kayan tamowa, wanda ya yi fiye da kilomita 1,800 daga Port Sudan, yana tsaye a Al-Kuma yana jiran izinin ƙarasawa Fashir, aka kai masa hari. Mutum biyar suka mutu, motoci suka ƙone, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗayan. An sanar da hanyar ayarin tun da wuri. Direbobin nan da ƴan kamashonsu, waɗanda ba a cika jin sunayensu ba, su ne ke ɗauke da mafi girman haɗarin wannan aiki, tare da matasan unguwanni na Sudan da suka kafa ƙungiyoyin sa-kai suna kai magani inda babbar mota ba ta isa.

Ƙarshen labarin Zamzam ba mai daɗi ba ne. MSF ta dakatar da aikinta a sansanin a watan Fabrairu na 2025, FSR ta mamaye shi a watan Afrilu, mutane suka watse. Fashir, bayan ƙawanya ta kusan wata 18, ta faɗi ranar 26 ga Oktoba na 2025, OMS kuma ta ba da rahoton kashe fiye da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke birnin. Babu lissafin mangaza da zai hana irin wannan. Amma kafin a kai can, watanni da yawa yara na mutuwa da cututtukan da maganinsu ke cikin kwali, bisa hanya.

Mu shafa wa namu ruwa

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi. Nijar ƙasa ce marar teku, kuma mafi yawan maganin da muke sha daga waje yake zuwa. Mun ɗanɗana a 2023: bayan 26 ga Yuli, da CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kwantenonin magani da na abincin yara suka maƙale, farmasi suka fara kukan ƙarancin kaya, ala tilas aka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari mai rakiyar soja, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024, amma tambayoyin da ya tayar suna nan.

Wata nawa ajiyar magungunan ƙasa za ta ɗauke mu in ƙofa ta rufe? Kashi nawa nata ke Yamai, kashi nawa ke Damagaram, Tawa, Maradi, Agadas da Difa? Gidan likitan ƙauye da ƙorama ke yankewa kowace damana, ana kai masa nasa tun cikin watan Mayu? Wa ke duba ma'aunin firigonsa safe da yamma? Abincin tamowa dai an daɗe ana yin shi a Yamai. Me zai hana a ƙara ƙarfin yin ruwan jijiya da sauran kaya masu nauyi a gida, tunda su ne hanya ta fi wahalarwa? Sannan tallafin waje ba abin jingina ba ne, kowa ya ga yadda Amurka ta dakatar da yawancin agajinta a farkon 2025.

Waɗannan tambayoyi muna miƙa su ga ma'aikatar lafiya, da hukumomin jihohi, da kwamitocin da ke kula da gidajen likita na ƙauyuka. Amsarsu ba ta bukatar taron ƙasa da ƙasa. Tana bukatar a buɗe kaye, a ƙirga kwalaye, a ƙirga kwanaki, tun hanya na buɗe. Sannan a daraja mai riƙe da mabuɗin mangaza, a koya masa aikinsa, a biya shi bisa lokaci, domin ranar da likita zai miƙa hannu, abin da wannan mutum ya rubuta wata uku da suka wuce shi zai iske bisa kanta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.